Zan Je Gadabeji da Ƙafata

Buri uku na rubuta a shafin ƙarshe na kayen da nake ɗaukar darasin ilimin sauti a ciki. Na farko, in ga raƙumin dawa da idona a dajin Gadabeji. Na biyu, in isa can da ƙafata daga Dakoro, ba a bayan kabu-kabu ba. Na uku, in riƙe kare guda riƙon kirki har ya tsufa a gidanmu. Shekarata ashirin da biyu, ina karatun ilimin harsuna a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, kuma wa'adin da na ba kaina a kan biyun farko shi ne hutun watan Disamba mai zuwa.

Duk wanda na nuna wa shafin sai ya yi dariya. Wani abokin ɗakinmu cewa ya yi, "Kai, wannan ai burin Anasara ne. Su ne ke biyan kuɗi su je kallon dabba, su yi ta gudu ba wanda ya koro su, su rungumi kare kamar ɗa." Dariyar tasa tana da hujja. Mu ɗiyan Dakoro burin da muka tashi muka iske a bakin yayyenmu shi ne a samu bak, a ci jarrabawar ɗaukar aiki, ko kuma a haura Agadas, daga can a wuce Jado wurin haƙar zinariya ko a faɗa Aljeriya da Libiya, a dawo da babur da kuɗin aure. Ni ma ina da irin nawa. Ina son in gama lisansi in samu abin yi, in ɗauke wa Baba sayen hatsi lokacin bazara. Amma waɗannan ukun da ake yi wa dariya a gida na samo su, bakin kakana ne asalinsu, kuma ga yadda abin yake.

Gadabeji yana arewa da mu, a ƙasar makiyaya, bayan an haye kwarin Tarka. A da cikin gundumar Dakoro yake, sai a 2011 da aka mai da Bermo gunduma mai zaman kanta ya koma can. An keɓe dajin tun 1955, zamanin mulkin Faransa, faɗinsa hekta 76,000, kuma a 2017 UNESCO ta sa shi cikin wuraren da take kula da halittunsu. Raƙuman dawa sun ɓace daga wurin wajen shekarun 1970, fari da farauta suka taru suka gama da su. Haka aka yi a duk Afirka ta Yamma. Dabbar da a da ake gani tun daga Senegal har tafkin Cadi, a 1996 saura 49 kacal, dukansu a yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai. Da aka tsare su sai suka hayayyafa har suka haura 600. A watan Nuwamba na 2018 aka ɗauki takwas daga cikinsu a manyan motoci masu buɗaɗɗen sama, aka yi tafiyar sama da kilomita 800 da su, aka sake su a Gadabeji. A 2022 an ƙaro huɗu, kuma an samu haihuwa a cikinsu. Dalilin rabawar shi ne, in annoba ko fari ya faɗa wa Kure, kada irin ya ƙare gaba ɗaya.

Wato shekara da shekaru ke nan dabbar da ta fi kowace dabba tsawo a duniya tana kiwo a jiharmu ta Maraɗi, tafiyar kwana biyu ko uku a ƙafa daga kasuwar Dakoro, amma cikin ƴan ajinmu na lise babu ko guda da ya je ya gan ta. Muna da hotunan zakunan Kenya da Tanzaniya a salula, na bayan gidanmu kuwa sai labari.

Kakana na wajen uwa ya haura tamanin. Yana saurayi ya yi shekaru yana bin shanu arewa tare da Fulani, kuma ya ga raƙuman dawa tun kafin su ɓace. Kullum in na je gaishe shi sai ya ja ni da wasan jika da kaka. "Aboki, ku kuna ganin hoto kuna cewa kun gani. Ni na kwana ƙarƙashin aduwa, da asuba na ɗaga kai na ishe shi shina cin ganye bisa kaina. Ba shi ƙara, ba shi gurnani. Shina kallonka kamar kai ne baƙo." Ranar da aka faɗa a rediyo cewa an kawo su, ya daɗe bai ce kome ba, sannan ya ce, "Cikin mota? Raƙumin dawa cikin mota?" Na nuna masa hoton wani a salula, ya kai shi dab da fuska, don yana ta rufe masa ido, ya ce, "Wanga ja ne. Namu farare ne." Gaskiyarsa. Hoton na gabashin Afirka ne, kuma irin namu na yamma an san shi da hasken fata. Sai ya miƙo mini wayar ya ce, "Ka tai ka gano mini ko su ne."

Wannan aike ne, kuma mai aiken kwanansa sun yi nisa. Shi ya sa na sa wa abin wa'adi. Kaka ba zai iya hawa mota zuwa Gadabeji ba, ko ya je ma idon ba zai nuna masa ba. Abin da ya rage shi ne wani nasa ya je ya gani, ya dawo ya zauna a gefen tabarmarsa ya ba shi labari dalla-dalla, shi kuma ya yanke hukunci.

Karatun da nake yi ya ƙara wa aiken nauyi. Kalmar raƙumin dawa kanta abin dubawa ce. Bahaushe ya ɗauki dabbar gida da ya sani ya ara wa ta daji sunanta, kamar yadda ya yi a jakin dawa. Girkawa ma haka suka yi, raƙumi da damisa suka haɗa suka raɗa mata suna, kuma sunan nan ne masana ke amfani da shi har gobe. Wani ɗan ajinmu Bazabarme da ke koyon Hausa ya taɓa tambayata me ya haɗa raƙumi da dawar tuwo, sai da na furta masa su biyun a hankali ya ji cewa a dawar daji wasalin gajere ne, a dawar hatsi dogo. Irin wannan abu rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna shi, sai kunne ya ji daga bakin mai magana.

Abin da ya fi damuna shi ne kalmomin da dabbobinsu suka tafi suka bari. Na tambayi abokan ɗakinmu, dukansu Hausawa, ko mene ne mariri. Wani ya ce tsuntsu ne, wani ya ce sunan unguwa ne a Kano, sauran suka girgiza kai. A ƙamusun Bargery na 1934 mariri farar dabbar daji ce mai dogayen ƙahoni, kuma tana cikin dabbobin da aka keɓe Gadabeji dominsu. A shekarar 2000 aka bayyana cewa irinta ya ƙare a daji a duk duniya, sai waɗanda ke tsare a gidajen dabbobi, kuma daga cikinsu ne aka fara mayar da wasu ƙasar Cadi a 2016. Kaka ya san mariri, ya san gwanki da kanki da tuje da yanyawa, ya san sawun kowace a rairayi. Mu kuwa muna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, alhali yawancinmu ba mu taɓa ganin gudun barewa ba. Karin magana yakan riƙe sunan dabba na ɗan lokaci, amma wadda ba ta samu shiga karin magana ba, ranar da tsohon da ya san ta ya rasu ita ma an binne ta. Na je gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai na ga zaki da kura da dorina a bayan ƙarfe, allunan kuma da Faransanci. Na ƙaru, amma babu wanda zai gaya maka a can yadda mutanen Tarka ke kiran tafiyar kura da dare.

Wannan ne ya kawo maganar ƙafa. Wanda ya hau mota zai isa da wuri, ya ɗauki hoto, ya juyo. Kalmomin da nake nema kuwa a kan hanya suke, a bakin rijiyoyi, a rugage, a zangon Buzaye, a ƙauyukan da Hausawa manoma suka kafa a gefen burtali. Tun 1961 doka ta shata iyakar noma ta arewa, amma kowa a Dakoro ya san gonaki sun daɗe da tsallake ta, musamman bayan farin 1973 da na 1984. Ina son in taka wurin da gero ke ƙarewa ciyawa ta fara, in zauna da mutanen ɓangarorin biyu, in kunna salula in ɗauki muryarsu suna kiran sunayen dabbobi da itatuwa, da Hausa da Fulatanci da Buzanci. Mai tafiya a ƙasa ana ba shi ruwa, ana tambayarsa daga ina, hira ta ɓarke. Mai mota ƙura kawai yake bari.

To amma jikin ɗalibi ba jikin makiyayi ba ne. A gidanmu ni ne na farko da ke wuni a zaune. Inna tana zuwa rijiya, tana daka, tana surfe, ba ta taɓa kiran wannan motsa jiki ba. Baba yana noma da hauya tun safe har azahar. Ni daga benci sai fada, daga fada sai katifa, shayi na ɗaya, na biyu, na uku. Mu ne in lokacin kokowar Takobi ya zo, gasar da ake yi tun 1975, muke cika gaban telebijin muna yaba ƙirjin ƴan kokowa, muna gardamar wa ya fi wa ƙarfi, alhali hawa bene guda yana sa mu haki. Gajiyar da iyayenmu ke samu kyauta, mu sai mun ƙirƙiro ta.

Ga tsarin da na yi, wata bakwai ke nan ina kansa. Kwana uku a mako, bayan sallar asuba, ina fita daga site in yi sassarfa zuwa Gadar Kennedy, in haye ta in dawo. Gadar ta kai mita 700, kuma a wannan lokaci sanyin kogin Kwara yana taimako. Ranar Lahadi ba na gudu, tafiya nake yi ta awa uku da jaka a baya, a ciki bido mai lita biyar cike da ruwa, don nauyin da zan ɗauka ke nan a hanya. Da na fara, tsakiyar gada nake tsayawa in dafa ƙarfe kamar mai kallon masunta. Yanzu ina kai ƙarshe ban tsaya ba. Abinci kuwa ba wani na musamman, abin da aka dafa a site ne, sai in ƙara da gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ranar da aljihu ya yarda in sayi ƙwai biyu. Sai dai gudron daban, rairayi daban. A rairayin Dakoro kowane taku yana cinye rabin ƙarfinsa. Saboda haka a hutun damina na riƙa tafiya ƙauyen su Kaka a ƙasa, kilomita goma sha biyar, in kwana in dawo. Mutanen da ke wuce ni a amalanke suna cewa, "Ɗan lakwal, kuɗin mota sun ƙare ne?" In ce musu e, don ya fi sauƙin bayani.

A wannan hutun ne kuma buri na uku ya shigo gida da ƙafafunsa huɗu. Wani Buzu abokin cinikin Baba ya kawo mana ɗan kwikwiyo, irin dogayen karnukan Azawak masu siririn ciki, waɗanda Turawa ke saye da tsada suna kaiwa ƙasashensu. Na ce ni zan riƙe shi. Inna ta gindaya sharuɗɗanta: ba ya shiga ɗaki, ba ya kusantar randa, kwanonsa daban. Na tambayi malaminmu na zaure, ya ce a mazhabar Malikiyya riƙon kare don tsaro ko kiwo ko farauta babu laifi, ya kuma tuna mini cewa shayar da dabba mai ƙishirwa akwai lada a ciki. Awakinmu dama suna bukatar mai gadi. Kaka ne ya raɗa masa suna. Hausawa sun saba sa wa kare sunan habaici, a riƙa kiransa da ƙarfi don maƙwabci ya ji saƙo. Shi nasa habaicin a kaina ya sauke shi, ya ce sunan kare Sai-ka-dawo, tunda mai shi kullum yana Yamai.

Riƙon kirki da na ce yana da ma'ana a wurina. Karnukan garinmu yawanci na kowa ne kuma ba na kowa ba, yara na jifa, kaska na sha, in ya yi ciwo a kore shi bayan gari. Nawa na kai shi ma'aikatar kiwo an yi masa allurar rigakafin ciwon hauka, kuma na rubuta ranar da za a sake. Ciwon nan in alamunsa suka bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi, don haka allurar kariya ce ga yaran unguwa kafin ta zama ta kare. Kowane mako ana cire masa kaska. Yana da ruwansa a inuwa, yana cin ragowar tuwo da ƙashin da ake roƙo wurin mahauta. Ƙanena ne ke yin wannan in ba na nan, ina ba shi jikka guda a wata, kuma in na kira gida sai ya sa salula kusa da kunnen karen. Wannan buri shi ne ba shi da ranar gamawa. Kare yakan yi shekara goma ko fiye. Gadabeji tafiyar mako guda ce, a je a dawo a ba da labari, shi kuwa Sai-ka-dawo kowace safiya sai ya ci. Kuma ba zan tafi da shi ba, don jininsa na farauta ne, in ya hango barewa ba zai saurari kowa ba.

Baba bai hana ni ba, amma ya yi tambayar da ta dace da uba. "Wa zai ba ka aiki don ka ga raƙumin dawa?" Na ce masa, "Baba, kundin da zan rubuta na ƙarshen karatu a kan sunayen namun daji ne a Hausar ƙasar Dakoro, kuma tafiyar nan ita ce aikin." A 2025 an rubuta a kundin tsarin ƙasa cewa Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. In da gaske za a koyar da yara da ita, wani zai rubuta littafin da zai gaya wa ɗan aji uku mene ne tuje, kuma ba daga Faransa za a aiko shi ba. Baba ya ce, "Allah shi sa albarka," da muryar da ban iya raba yarda da haƙuri a cikinta ba.

Inna ita tsaro ne damuwarta, kuma ba ta faɗi abin banza ba. Kowa ya tuna 9 ga Agusta 2020, ranar da ƴan bindiga suka kashe mutum takwas a Kure, Faransawa shida da ƴan Nijar biyu, a wurin kallon raƙuman dawa. Gadabeji nesa yake da can, amma daji daji ne. Saboda haka ba ni kaɗai zan tafi ba. Kawuna mai fataucin bisashe, wanda ya san rijiyoyin hanyar da masu su, shi zai ja gaba. Zan nemi izini wurin ma'aikatan gandun daji kafin in tashi, kuma su ne za su shiga da mu cikin dajin. In suka ce hanya ba ta da kyau, zan dakata har ta yi kyau. Kuɗi kuma asusu na yi, jikka biyu kowane wata daga burs. Za su tafi ga takalmi mai kyau, da batirin cajin salula, da sallamar jagora, da goro da sukari da ganyen shayi na masu masauki. Na zaɓi Disamba don an gama girbi, zafi ya sauka, kuma ana hutu.

Zai yiwu in je ban gan su ba. Dabbobi kaɗan ne a cikin hekta 76,000, kuma ba wanda ya ɗaure su. In haka ta faru zan auna sawunsu da tafin hannuna, in duba tsayin inda suka ci ganye a jikin itace, in kawo wa Kaka wannan, tare da muryoyin tsofaffin da na ɗauka a hanya. Na san zai ce, "Aboki, ka yi rabin aike," sai in sake sabon asusu.

Ku da ke karanta wannan ɗan littafi, akwai abin da nake roƙo. Yawancinku kuna da tsoho ko tsohuwa a gida, a Tasawa ko Madawa ko Mayahi ko Tanut. In kun je hutu, ku zauna da su ku tambaye su sunan naman daji goma da suka taɓa gani da idonsu, da inda suka gan shi, da shekarar da suka daina ganinsa, ko da da sunan yunwa ko sarautar wani za su ƙirga ta. Ku rubuta yadda suka furta, kada ku gyara musu zuwa Hausar rediyo. Ku kawo mini a zamanmu na farko bayan hutu, ni kuma zan zo da abin da na samo a hanyar Gadabeji, mu baje su a tabarma guda mu ga nawa suka rage.